Malam-buɗe-littafi a kurmin Afirka ta Yamma: abin da gandun daji ya riƙe mana

 

Zan fara da wani mutumin Denmark mai suna Torben Larsen, wanda ya rasu a 2015. Ya shafe shekaru yana ratsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da raga a hannu, kuma a 2005 ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a kan malam-buɗe-littafin wannan yanki, tun daga Senegal har Najeriya. Nau'o'in da ya tattara a ciki sun kusa 1,500. Domin a ji nauyin wannan adadi sai a gwada shi da na wasu wurare. Birtaniya gaba ɗayanta nau'inta kusan 60 ne. Nahiyar Turai duka kusan 500. Afirka kudu da Sahara tana da wajen 4,000, duniya baki ɗaya kuwa tsakanin 18,000 da 20,000.

Amma ba a raba wannan arziki daidai wa daida ba. Wanda ya tashi daga Kalaba ya nufi arewa maso gabas zai shiga duwatsun Oban, sashe mafi girma na gandun daji na ƙasa na Kuros Riba da aka kafa a 1991, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 3,000. Kurmin bai tsaya a kan iyaka ba, ya zarce cikin Kamaru inda ake kiransa Korup, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1986. Larsen ya ƙiyasta cewa wannan kurmi guda ɗaya, na Oban da Korup, yana ɗauke da nau'i fiye da 1,000. Wato kusan ɗaya daga cikin kowane huɗu na malam-buɗe-littafin Afirka yana nan, a wurin da bai kai rabin rabin jihar Kano ba. Sai an je kurmin Amazon a Kudancin Amurka ake samun abin da ya fi haka. A can, yankin Tambopata na ƙasar Peru kaɗai an ƙirga fiye da 1,200.

Tambayar da ta cancanci a yi ita ce, me ya tara su a can? Amsar tana farawa daga bayan garinmu.

Babu wanda bai san tumfafiya ba a cikinmu. Tana kan juji, tana bakin maƙabarta, tana gonar da ta gaji. Wanda ya yi haƙuri ya juya ganyenta a ƙarshen damina zai iya cin karo da wata tsutsa mai zane-zanen fari da baƙi da rawaya, da wasu siraran zare guda shida a bayanta, biyu-biyu a wuri uku. Idan tana ƙarama takan fara gatsa ganyen a zagaye, ta bar farin ruwan nan mai ɗanko ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke tsakiyar da'irar. Duk da wannan dabara tana haɗiye wani kaso na dafin, kuma ba ya kashe ta, ajiye shi take yi a jikinta. Bayan kwanaki sai ta rataye kanta ta dunƙule cikin ƙwanso kore ko mai ɗan ja-ja, da ɗigo-ɗigon ruwan zinare. Abin da ke fitowa shi ne malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin bakin fiffike mai farin tabo, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Ku lura da tashinsa: a hankali, ba gaggawa, ba ɓuya. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya sha ɗaci ba ya sake marmari.

Abin da nake so a riƙe daga wannan shi ne, babban malam-buɗe-littafi yana iya shan ruwan fure iri-iri, amma tsutsarsa tana da zaɓe. Uwar ba ta ajiye ƙwai sai a kan tsiron da 'ya'yanta za su iya ci, kuma da ƙafafunta na gaba take ɗanɗana ganye kafin ta amince. Babban baƙin nan mai ɗigon rawaya da ke zagaya lambu, Papilio demodocus, lemu yake nema. Fari-kore da muke gani tuli bayan ruwa ya sauka, Catopsilia florella, tafasa da rai-ɗore da danginsu ne abincin tsutsarsa. Farare masu baƙin jijiya na sahel suna bin anza da 'yan'uwanta. Dalili na farko ke nan: yawan nau'in malam-buɗe-littafi a wuri yana bin yawan nau'in tsirrai. A Korup akwai wani fili mai hekta 50 da masana suka auna, suka sa wa kowace bishiya lamba, suka sami nau'in itace kusan 500. A kan wannan a ƙara kurangar da ke hawa bishiyoyi, da kauci, da ƙananan tsirran inuwa. Dangin da ake kira Cymothoe, alal misali, da yawansu tsutsarsu ta dogara ne ga wasu gajerun itatuwan ƙarƙashin kurmi da ake kira Rinorea. Inda babu waɗannan itatuwa, ko da wurin ya yi kore shar, ba za a gan su ba.

Dalili na biyu shi ne kurmi ba fili ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Bishiyoyin Oban suna kaiwa mita 40, wasu ma su zarce. A can sama rana ce da iska da bushewa. A ƙasa duhu ne da laima, hasken da ke isowa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Masu zama sama daban, masu zama ƙasa daban, kuma ba su cika cuɗanya ba.

Bari in bayyana yadda ake gane wannan, domin aikin yana da ban sha'awa kuma ba shi da tsada. Da yawa daga cikin malam-buɗe-littafin kurmi ba su damu da fure ba, ruɓaɓɓen ɗan itacen da ya faɗo suke so. Sai mai bincike ya dama ayaba, ya bar ta kwana biyu ko uku a rufe har ta yi tsami tana wari, ya zuba a faranti. A saman farantin akwai doguwar raga mai siffar ganga, a rufe ta sama, da 'yar tazara ta yatsu biyu ko uku tsakaninta da farantin. Malam-buɗe-littafi ya shiga ta tazarar, ya sha ya ƙoshi, idan ya tashi tafiya sai ya yi sama yadda ya saba, ya tarar da kansa a cikin raga. Ana rataye wasu tarkunan dab da ƙasa, wasu kuma a harba igiya da gwafa bisa reshe a ja su sama. Washegari idan aka sauke na sama, galibi Charaxes ake tararwa, masu kaurin ƙirji da ƙarfin fiffike, waɗanda idan ka riƙe ɗaya a tsakanin yatsu za ka ji yana fizga da gaske, kuma gefen fiffikensu na gaba yana da ƙananan haƙora da suke ture abokan hamayya da su a wurin ci. Na ƙasa kuwa Euphaedra ne da Bebearia da Euriphene, masu kore da shuɗi da ja mai ƙyalli, waɗanda ke shawagi taƙi ɗaya ko biyu bisa busasshen ganye, su sauka inda ɗan haske ya ratso, su buɗe fiffike. A bakin rafi kuma wani taron ne daban: maza zalla, ɗaruruwa a wasu lokutan, sun yi cincirindo a kan jiƙaƙƙen yashi, musamman inda dabba ta yi fitsari. Gishiri suke tsotsa, kuma wani kaso nasa suna miƙa wa mace lokacin barbara, ya shiga ƙwai.

Dalili na uku ya fi ba ni mamaki, kuma a nan Afirka ta bambanta da kowace nahiya. Akwai wani babban gida na ƙananan malam-buɗe-littafi, ɗaruruwan nau'i, irin su Liptena da Epitola da Mimacraea, da babu su ko'ina sai Afirka. Tsutsarsu ba ta cin ganye sam. Gansakukar da ke manne a bawon bishiya take kankara. Kuma da yawansu ba kowace bishiya suke zauna ba, sai wadda wata irin tururuwa mai ɗaga gindi sama, Crematogaster, ta yi sheƙa a kanta. Tsutsar tana kiwo a tsakiyar jerin gwanon tururuwar, su kuwa ba sa taɓa ta, kuma kasancewarsu a wurin yana korar masu cin ta. Mai bincike zai iya samun wani nau'i a jikin bishiya ɗaya tak shekara da shekaru, ya zagaye duk kewayen bai sake ganinsa ba. Ranar da aka sare wannan bishiya, nau'in ya bar wannan yanki ke nan. Wani likita Bature, W. A. Lamborn, wanda ya yi aiki a Oni gabas da Legas kafin yaƙin duniya na farko, yana cikin waɗanda suka fara rubuta irin wannan zama dalla-dalla. Shi ya bayyana tsutsar Euliphyra, wadda ke rayuwa a cikin sheƙar jar tururuwar nan mai ɗinke ganye, da wata fata mai tauri a bayanta da cizo ba ya huda ta, tana karɓar abinci daga bakin masu gidan.

Na huɗu tarihi ne, kuma zan taƙaita. A zamunan da ƙanƙara ta mamaye arewacin duniya, Afirka ta bushe, kurmi ya tsuke ya koma 'yan tsibirai a wuraren da ruwan sama bai yanke ba. Yankin Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru yana cikinsu, haka ma wani sashe na Laberiya da Kwaddibuwa. Halittun da suka fake a kowane tsibiri sun daɗe a ware har suka bambanta. Ko a yau akwai giɓin da saɓana ta keto har bakin teku ta kudancin Benin da Togo da gabashin Ghana, ta raba kurmin gida biyu. Shi ya sa ake samun nau'o'i a Ghana da Laberiya da babu su a Najeriya, da kuma akasin haka. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kare Oban ba ya ɗauke wa kurmin Kakum ko na Atewa a Ghana nauyinsu.

Kafin in shiga batun killacewa, ku ba ni dama in ɗan ratse, domin kusan kullum akan tambaye ni amfanin wannan ilimi ga ɗan Adam. A kurmin nan akwai Papilio antimachus, mafi girma a Afirka, wanda faɗin fiffikensa ke wuce santimita 20. Daga Saliyo aka fara kai shi Ingila, Dru Drury ya raɗa masa suna a 1782. Amma ɗan'uwansa Papilio dardanus ya fi shi labari. Namijin fari-rawaya ne mai baƙin gefe da 'yar jela a fiffiken baya. Matan kuwa, a yawancin Afirka, ba su da jela, kuma launinsu iri-iri ne, kowace ta ɗauko kamannin wani nau'i mai ɗaci da tsuntsaye ke gudu, alhali ita ba ta da dafin komai. Sun bambanta da mazansu har masanan farko suka ba su sunaye daban-daban, sai a 1869 Roland Trimen ya nuna cewa abu ɗaya ne. Irin wannan sojan gona muna da shi a nan gida: macen Hypolimnas misippus ta kwaikwayi mai cin tumfafiyar nan har sai an dube ta da kyau, mijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo da kewayen shuɗi. To, a shekarun 1950 wani likita a Liverpool, Cyril Clarke, da abokinsa Philip Sheppard suka shiga renon Papilio dardanus suna bin yadda waɗannan kamanni ke gadon juna. Wannan aiki ne ya ja hankalin Clarke zuwa ga gadon rukunin jini a mutane, har shi da abokan aikinsa suka kasance cikin waɗanda suka samar da hanyar kare jariri daga cutar da ke tasowa idan jinin uwa Rh-negatif ne na ɗan kuma fozitif. Allurar anti-D da ake yi wa mata a asibitocinmu bayan haihuwa, wani reshe na asalinta yana komawa ga wannan ƙwaro na kurmin Afirka. Ba na kawo wannan don in ce kowane ƙwaro yana ɓoye da magani ba. Clarke ma ba magani ya fita nema ba, sha'awa ce ta kai shi.

Yanzu ga inda maganar take. A 2008 Larsen ya buga wani nazari da ya ba mutane da yawa mamaki. Ya ɗauki jerin malam-buɗe-littafin kurmi na Afirka ta Yamma da aka taɓa rubutawa, nau'i 972, ya duba nawa ne aka sake gani daga 1990 zuwa lokacin. Ya sami kashi 97 cikin 100, duk da cewa abin da ya rage na asalin kurmin yankin bai fi kashi 13 cikin 100 ba. An cinye mafi yawan dajin, amma kusan duk nau'o'in suna nan. A ina suke? A cikin gandayen da aka killace: Kakum da Bia da Ankasa a Ghana, Taï a Kwaddibuwa, Sapo a Laberiya, Gola a Saliyo, Okomu a jihar Edo, da tsofaffin gandayen katako da aka shata tun zamanin Turawa. Bobiri, kusa da Kumasi, faɗinsa murabba'in kilomita hamsin da 'yan kai ne kawai, amma an rubuta nau'i kusan 400 a cikinsa, har aka mayar da wani sashe wurin da baƙi ke zuwa kallon malam-buɗe-littafi.

Wannan labari ne mai daɗi, kuma hujja ce a hannun duk wanda ke cewa killace daji yana aiki. Amma Larsen da kansa bai yi murna da shi har ƙarshe ba, ni ma ba na so mu yi. Halin da ake ciki irin na mutumin da ya ci bashi ne yana yawo da sabuwar riga: ranar biya ba ta zo ba tukuna, amma tana tafe. Idan aka yanke kurmi ya zama guntu-guntu, nau'o'in ba sa mutuwa nan take. Kowane guntu yana riƙe da ɗan ƙaramin garke, wanda shekara ɗaya ta fari, ko gobara, ko cuta, za ta iya shafewa. A da idan haka ta faru wasu sukan zo daga maƙwabta su cike gurbin. Yanzu maƙwabtan sun yi nisa, gona da hanya da gari sun shiga tsakani.

A nan bambancin na kurmi da na saɓana yake fitowa. Namu na arewa matafiya ne. Vanessa cardui tana ƙetare Sahara daga Turai a ƙarshen damina, ta hayayyafa a sahel da saɓanarmu, zuriyarta ta koma arewa. A watan Oktoba na 2013 wani masani ɗan Sifen, Gerard Talavera, ya tsinci wasunsu a gaɓar tekun Guiana ta Faransa a Kudancin Amurka, kuma binciken da aka buga a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ƙetare teku kilomita 4,200. Euphaedra kuwa, wadda ta saba da inuwa da laima, ba ta cika yarda ta fita fili mai rana ba ko da gajere ne. Gonar rogo ɗaya tana iya zame mata iyakar duniya. Binciken da aka yi a ƙananan kurmin tsafi na Ghana, irin wanda al'ada ta hana sarewa, ya nuna suna riƙe da abin mamaki idan aka dubi ƙanƙantarsu, amma masu son zurfin kurmi su ne ke fara ɓacewa daga cikinsu.

Akwai kuma wata yaudara da ke cikin ƙirga, wadda nake roƙon ɗalibai su kiyaye. Idan aka sare wasu bishiyoyi haske ya shigo, ko aka mayar da gefen kurmi gonar koko mai inuwa, mai ƙirga zai iya samun adadin nau'i daidai da na da, wani lokaci ma fiye. Dalili shi ne 'yan fili, masu cin kowane ciyayi, waɗanda ake samu daga Dakar har Nairobi, sun kutso sun cike lissafin. An ga haka a nazarin da aka yi a gandun Bossematié na Kwaddibuwa da kuma kewayen Korup: waɗanda ke raguwa su ne masu ƙaramin yanki, waɗanda ba su da wani gida a duniya sai nan. Don haka idan aka kawo muku rahoton tasirin muhalli na wani aiki aka ce an ƙirga nau'i kaza kafin aiki, kaza bayan aiki, babu asara, ku nemi a ba ku sunayen. Haka kuma idan aka nuna muku gandun tik ko malaina ko kwakwar manja aka ce an mayar da dajin da aka sare, ku tuna da Rinorea da tururuwar bawon bishiya. Shuka itace abu ne mai kyau, ina goyon bayansa ƙwarai, musamman a nan arewa. Sai dai gandun itace iri ɗaya gona ce, kuma a kira ta gona.

Su kansu gandayen ba a kwance suke lafiya ba. A 2015 gwamnatin jihar Kuros Riba ta sanar da wata babbar hanya mai tsawon kilomita kusan 260 daga Kalaba zuwa arewacin jihar, kuma da farko aka soke haƙƙin mallakar ƙasa na kilomita 10 a kowane gefenta. Al'ummomin yankin, musamman mutanen Ekuri masu kula da kurminsu da kansu, tare da ƙungiyoyin muhalli, suka tashi tsaye har aka janye wannan sokewa a 2017 aka karkatar da layin. A Ghana, duwatsun Atewa kusa da Kibi, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu suke tasowa, suna da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da 500 da aka rubuta, ciki har da Mylothris atewa wanda ba a san shi ko'ina ba sai can. Ƙarƙashin duwatsun kuwa ma'adinin bauxite ne da ake yin alminiyam da shi, kuma gardama a kan haƙarsa ta kai har kotu a 2020. Ban ɗauki masu son hanya ko masu son ma'adini a matsayin mugaye ba. Talauci gaskiya ne, kuma mutumin ƙauyen da ke bakin gandu, wanda aka hana shi farauta da sara ba a ba shi komai ba, yana da ƙorafi na halal. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci ba tare da an san abin da ke cikin wurin ba.

Mu dawo kusa da gida, domin kada a ɗauka kurmi na mutanen kudu ne kaɗai. Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa akwai saɓana, da kurmin bakin rafi, da kurmin kan dutse har zuwa Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar ƙasar nan. A tsaunin Mambila akwai Ngel Nyaki, wanda ainihin kurminsa bai kai murabba'in kilomita 10 ba, kewaye da ciyawa. Wutar da ake cinnawa kowace shekara don sabon tsiro, da shanun da ke shiga inuwa suna tattake 'ya'yan itace, suna cin gefensa a hankali. Inda masu binciken da ke zaune a wurin suka kewaye fili da shinge suka hana wuta, itatuwa sun fara dawowa. A kudancin Kaduna akwai kurmin Kagoro da Nindam, inda tsaunin Jos ke tare ruwan sama har ake samun halittun da mutum zai zata sai Kuros Riba. Irin waɗannan wurare su ne iyakar arewa ta malam-buɗe-littafin kurmi, kuma siraran kurmin da ke bin rafuka su ne hanyar da ke haɗa su da kudu. Mun ga yadda cinikin madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, ya wawushe dazuzzukan Taraba cikin 'yan shekaru, har aka sa itacen cikin jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari daga 2017. Ita madobiya ta saɓana ce, amma hanyoyin da manyan motoci suka fasa don ɗauko ta ba su rufe ba bayan an tafi.

Ba zan tsallake abin da ke zuciyar kowa ba. A yau idan aka ambaci daji a Arewa, ba ƙwaro ke zuwa wa mutum a rai ba. Kamuku da Rugu da Sambisa sun zama sunayen tsoro, har an ji masu cewa a sare su kowa ya huta. Ina fahimtar zafin da ke sa mutum faɗin haka. Amma a ganina 'yan bindiga sun sami waɗannan wurare ne bayan hukuma ta daɗe da janye ƙafa, ma'aikacin gandu ba mota, ba albashi a kan kari, ba wanda ya san iyakar da aka shata. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗejiya a Jigawa. Suna a takarda mataki ne. Ma'aikaci a cikin daji da kayan aikinsa shi ne abin da zai nuna ko an yi da gaske.

Sauran maganata ga ɗalibai ce, musamman na sashen nazarin halittu da na gandun daji. Kurmin arewa bai sami irin kulawar da Oban da Kakum suka samu ba, kuma aikin ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Tela zai ɗinka muku tarko da gidan sauro da waya. Ayaba tana kasuwa. Ga masu bin fure, waɗanda ba sa shiga tarko, akwai hanyar da Ernest Pollard ya tsara a Ingila, wadda ake ƙirga da ita a can tun 1976: a zaɓi turba ɗaya, a bi ta a hankali sau ɗaya a mako da hantsi, a rubuta duk abin da ya gitta cikin mita biyu da rabi dama da hagu da mita biyar a gaba. Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto, amma a ɗauki fiffike ciki da baya, domin da yawa ba a rarrabe su sai ta ƙasan fiffike. A rubuta rana da wuri da irin tsiron da aka ga uwa tana ajiye ƙwai a kai, ko da sunansa na Hausa ko Fulatanci ne. Tsohon makiyayi ko mai maganin gargajiya ya fi yawancinmu sanin itatuwan wurin, a tambaye shi.

Kuma kada a yi aikin wata biyu a rubuta kammalawa. A cika shekara, damina da rani. Akwai wani nau'i a saɓanarmu, Precis octavia, wanda na damina ja ne mai ruwan lemu da baƙin ɗigo, na rani kuwa shuɗi ne mai duhu, har aka daɗe ana lissafa su nau'i biyu kafin a rene su daga ƙwai a ƙarshen ƙarni na 19 a ga uwa ja ta haifi shuɗi. Ƙananan masu ruwan ƙasa na dangin Bicyclus su ma haka: na damina suna da manyan idanu a fiffike, na rani idanun sun shafe don su saje da busasshen ganye. Ɗalibin da ya je Agusta kawai, da wanda ya je Janairu kawai, za su dawo da jeri biyu mabambanta daga turba ɗaya.